Akwatin Gishiri na Birnin Kusurwa

Da sunan Allah, wanda Ya halicci miƙaƙƙe da lanƙwasasshe, Ya yanka wa kowane iyakarsa. Ni ne Korau ɗan Shekarau, masassaƙi, mutumin Tudun Maɗaci. Wannan labarin tafiyata ne zuwa Birnin Kusurwa, da abin da aka yi mana a can, da abin da ni kaina na aikata. Shekara ashirin da biyu ina riƙe da shi a ciki, kuma har yau zuciyata ba ta huce ba. Duk wanda ya zo da niyyar ce mini in yi haƙuri, ya tashi ya ba ni wuri tun ban fara ba.

Mu biyu mahaifinmu ya bari, ni da ƙanena Nomau. Ni na gaji bakinsa, Nomau ya gaji hannunsa. Ni ke surutu da masu sayen turmi a kasuwa, shi kuwa in ya ɗora gizago a kan icce sai ka rantse iccen ne ke gaya masa inda zai sara. Magidanci ne mai mata da 'ya'ya uku, bai taɓa sha'awar ƙetare rafin garinmu ba. Wata shekara wani falke ya sauka a garin da wani abu na katako, dunƙule mai fuska shida daidai wa daida kamar akwati. In ka girgiza shi sai ya watse gida shida, ka sake harhaɗawa ya koma wata siffa daban. Falken ya ce a Birnin Kusurwa wannan ba komai ba ne. Tun daga ranar na kasa zaune na kasa tsaye. Na riƙa hango kaina na dawo da wannan ilmi, masassaƙan ƙasarmu kaf sun yi layi a ƙofar gidana suna jiran in yi tari. Amma na san hannuna ba zai iya ba, don haka na dami Nomau wata huɗu cur har ya gaji ya ɗaure kayansa. Ku riƙe wannan da kyau: bai so tafiyar ba, ni na ja shi.

Wata bakwai muka yi a hanya. Mun ƙetare Tekun Ƙaiƙayi, inda babu ɗigon ruwa, sai ƙaiƙayi yana igiya iyakar ganinka, ana tuƙa jirgi da faifai, kowa yana atishawa har a kai gaɓa. Mun ratsa dajin da itatuwansa ke kwanciya in rana ta take, su bar matafiyi tsaye babu inuwa. Da muka doshi birnin sai ƙasa ta fara sauya hali. Kogin wurin ba ya lanƙwasa, in zai juya sai ya karye tsaf kamar kusurwar ɗaki. Tsuntsayensu ƙwai mai fuska takwas suke yi, su ajiye shi a kan gangare ya zauna daram. Birnin kansa da farin dutsen gishiri aka gina shi, kuma babu abu ɗaya mai kewaye a cikinsa. Ko tuwo ba sa mulmulawa, da wuƙa suke yanka shi.

A ƙofar gari masu gadi uku suka tare mu. Babbansu ya miƙo mana sabulu mai siffar akwati da wuƙa, ya ce, "Baƙi, garin nan da hannu ake shigarsa, ba da baki ba. Ku raba mana wannan gida uku, kowane kamar ɗan'uwansa, kowane da tsininsa a sama. In kuka yanka mana shi falle-falle kamar doya, ku koma ta inda kuka fito, kuma babu jirgi."

Na buɗe baki zan fara masa bayanin wata bakwan da muka sha, Nomau ya karɓi sabulun. Ya jujjuya shi, ya dafa kusurwa ɗaya da babban yatsa. Fuska uku suna taɓa wannan kusurwa, uku ba sa taɓa ta. Ya ja wuƙa daga kusurwar zuwa gefunan fuskokin nan uku na nesa, sai sabulu ya buɗe ya zama dala uku, kowace ta ɗan karkata, kowace gindinta fuskar akwatin. Masu gadi suka gwada su da juna, babu wadda ta ɗara 'yar'uwarta. Suka buɗe mana ƙofa har da rusunawa, ni kuwa na shige gaba ina baza riga kamar ni na yanka.

Ba zan ɓoye ba, kwanakin farko mutanen nan sun burge ni. Ba su da ma'auni, ba su da mudu. A wurinsu abu biyu ba sa zama daidai sai an yanka ɗaya an harhaɗa shi ya koma ɗayan. Na ga mutum biyu za su yi musanyar gona, ɗaya tasa mai kusurwa biyar, ɗaya tasa mai kusurwa huɗu. Aka zana kowace a kan fata, aka yanka ta farko gida bakwai, aka jera yankunan a kan ta biyu, suka rufe ta ruf babu ragi babu ƙari. Mutanen suka yi musafaha kowa ya kama gabansa. Aka gaya mini babu gonar da ta taɓa gagara, komai karkacewarta, muddin faɗinsu ɗaya. Na ce a raina ga mutanen da suka gama da rigima a duniya.

Suna da wani gini da suke kira Zauren Siffofi, kantoci tun daga ƙasa har rufi, cike da dunƙule-dunƙulen dutse da katako, wani mai fuska goma sha biyu, wani mai ashirin, kowane an yayyanka shi yadda za a warware a mayar. Nan muke wuni. Ni ina kallo ina hamma, Nomau yana warwarewa yana mayarwa, idonsa kamar na mai yunwa a gidan biki. Ranar kwana na tara mai kula da zauren ya ƙirga wata siffa mai yanki goma sha biyu, ya ga goma sha ɗaya. Hannun da ya taɓa ta na ƙarshe na Nomau ne. Aka caje mu har cikin takalmi ba a ga komai ba, amma duk da haka aka tasa ƙeyarsa zuwa gaban alƙali.

Alƙalin garin Magajin Zarto ake ce masa, sunansa Tunau, dattijo mai farin gemu da taushin murya. Ya tambayi Nomau ko ya ɗauka, Nomau ya rantse bai ɗauka ba. Alƙali ya ce, "Madalla. To, dutse zai yi maka shaida."

Aka kawo akwatin gishiri, tsawonsa kamu ɗaya ta kowane gefe, da zarto, da mazubi na tagulla mai siffar dala. Dalar fuska huɗu gare ta, kowace fuska mai kusurwa uku, gefunanta duka tsawo ɗaya, kuma girmanta daidai da na akwatin. Alƙali ya yi bayani a natse. Wanda ake tuhuma yana da kwana arba'in. Zai yanka akwatin da miƙaƙƙen yanka, gida nawa ya ga dama. Ranar hukunci zai harhaɗa yankunan su koma akwati, sannan ya warware ya harhaɗa su su cika mazubin dala. In sun rufu, mai gaskiya ne. In ba su rufu ba, a saukar da shi Rijiyar Gishiri da igiya, a yanke igiyar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutum nawa suka taɓa tsallake wannan?"

Ya girgiza kai cikin jimami ya ce, "Shekara ɗari uku, ɗana, har yau Allah bai kawo mana mai gaskiya ba. Duniya ta lalace."

Shekara ɗari uku, mutum bayan mutum, kuma babu wanda ya taɓa tsayawa ya ce anya ba dutsen ne ke ƙarya ba! Na yunƙura, Nomau ya riƙe mini riga ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinka. Ban ɗauka ba, kuma yanka ai aikina ne. Kwana uku ya ishe ni."

Suka kulle shi a wani ɗaki mai taga ɗaya. An yarda ɗan'uwa ya kawo abinci ya zauna tun hantsi har la'asar, kuma ana ba shi yumɓu ya gwada kafin ya taɓa gishirin. Kwana uku suka wuce. Kwana goma suka wuce. Ya gwada yanki shida, ya gwada ashirin, ya gwada sittin. Kullum dalar takan tashi har ta kusa rufuwa, sai a sami wata 'yar kafa da ta ƙi. Ya toshe ta nan, ta ɓullo can. Ya daina cin abinci sosai. Ranar kwana na ashirin na shigo na same shi ya tuɓe rigarsa yana bin ɗinkinta da yatsa.

Na ce, "Me kake nema?"

Ya ce, "Yaya, ko dai na sa shi a aljihu ban sani ba, ya faɗi a hanya? Ka san ni in hankalina ya tafi kan aiki. Hannuna bai taɓa ƙin bina ba sai yanzu. Ƙila ya san abin da ban sani ba."

Na fizge rigar na jefa masa a fuska. Na daka masa tsawar da sai da mai gadi ya leƙo. Mutumin da ko goron wani bai taɓa gutsura ba sai an ba shi, kwana ashirin kacal sun sa ya fara tuhumar kansa. Na fita ina huci, ban san inda zan nufa ba, sai na tuna zartonsa ya dakushe, na koma na ɗauka na kai wurin washi.

Mai washin zarton kotu wata tsohuwa ce, Tsahara, tana zaune a bayan kasuwa da dutsen washinta. Ta karɓi zarton ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce, "Na baƙon nan ne? An ce yana da hannu. Masu hannu sun fi shan wuya, don su ba sa fid da rai da wuri."

Na ce, "Iya, me kike nufi?"

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da kwando. Ta kafa siririyar sanda a ƙasa, ta jera ƙananan akwatuna huɗu kewaye da ita, kaifin kowane yana taɓa sandar. Suka rufe ta ruf. Ta kwashe su, ta fito da ƙananan daloli irin na mazubin, ta jera su haka nan. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Tsakanin ta biyar da ta farko sai ga wata kafa siririya, ba ta wuce bayan wuƙa ba. Ta shida kuwa ba ta da wurin shiga.

Ta ce, "Ka ga wannan 'yar kafar, ɗan nan? Ita ke cin mutane. Ko ka yi ta zagaya sandar nan sau dubu, kana ɗora dala bayan dala, ba za ka taɓa dawowa daidai inda ka fara ba. Zarto yana raba kusurwa gida biyu, amma ba ya ƙara mata, ba ya rage mata. Kaifin akwati mai rufuwa ne, na dala ba mai rufuwa ba ne, kuma babu yankan da zai mayar da wannan ya zama wancan. Fata shimfiɗe take, ba ta da irin wannan kaifin, shi ya sa gona ke yarda. Dutse ba fata ba ne. Ko waliyyi aka ba akwatin nan, rijiya zai tafi."

Na ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Shekara talatin."

"Zarto nawa kika wasa bayan nan?"

"Ɗari da goma sha huɗu." Ta koma kan dutsenta. "Na faɗa wa alƙalin da ya gabaci wannan. Ya ce ko in yi shiru, ko a ba ni nawa akwatin. Ina da jikoki."

Na faɗa mata maganganun da bai kamata mutum ya faɗa wa sa'ar mahaifiyarsa ba. Ta ci gaba da washinta. Na kwashe dalolin biyar da sandar, ko izini ban nema ba, na nufi gidan alƙali.

Ya karɓe ni hannu bibbiyu, har ya sa aka kawo mini abinci. Na ture kwanon na kafa sanda a gabansa, na jera dalolin, na nuna masa kafar. Na maimaita masa duk abin da na ji, ban ambaci sunan tsohuwar ba. Ya duba da kyau, ya sa farce a cikin kafar, ya yi murmushi.

Ya ce, "Ai wannan ita ce shari'ar. Da babu wuya, da ɓarawo ma ya iya. Ka yarda akwatin da dalar girmansu ɗaya?"

Na ce, "Na yarda."

"To, abin da girmansa ɗaya da wani, ai ana yanka shi ya koma wanin. Ma'anar daidai ke nan. Sau dubu nawa muka yi da gonaki, ba ta taɓa saɓawa ba?"

"Ranka ya daɗe, gona a fata kuke zana ta! Wannan dutse ne, yana da ciki!"

"Kakanninmu ba su bambanta ba, ɗana. Ni ma ba na jin daɗin yanke igiyar nan. Duk ranar da na yanke, ba na iya cin abinci."

Da mugu ne, da na sami inda zan kama shi. Amma mutumin kirki ne, mai tausayi, mai kuka in ya kashe ka, kuma wallahi wannan ya fi ƙona mini rai. Na yi jifa da dalolin a bangonsa, dogarai suka ɗauke ni caɗak suka watsar a waje. Saura kwana goma sha tara.

Washegari na zauna a ɗakin Nomau ina kallon yadda suke tsaron abin, da idon mai neman ɓaraka. Ba a shiga da ruwa, don kada a narkar da gishirin. Kowane yanka aka yi, mai gadi yakan share garin da ya zuba ya tara shi a wani ɗan cokali ya duba yawansa, don kada a kankare wani yanki. Ranar hukunci kuwa, abin da suke yi shi ne su rufe siffar su bi layukan waje da gashin wutsiyar doki, in gashin bai shiga ba shi ke nan. Ba sa aunawa a sikeli, don ba su yarda da shi ba. Ba sa leƙa ciki, don a tunaninsu abin da ya rufu a waje ya rufu a ciki. Da za a rage fuskokin cikin kaɗan, da duk kafofin sun taru sun ɓuya a tsakiya. Amma da me za a rage, babu ruwa, kuma ƙwayar gari ɗaya ba ta ɓata? Ina cikin wannan tunani na taɓa akwatin, na kai yatsa baki ba da niyya ba. Na ji gishiri. Harshe ba ya barin gari.

Na raɗa wa Nomau. Ya ja da baya ya ce, "Yaya, wannan ha'inci ne."

Na ce, "Shari'ar tasu fa, mene ne sunanta? Na gani da idona, babu ɗan Adam da zai iya. Kai ka tsara yankan, ka yi mini alama da farce inda zan rage. In ka ƙi, na rantse da kabarin Baba tare za mu sauka rijiyar nan, ka san abin da za a gaya wa 'ya'yanka."

Daga ƙarshe ya jawo yumɓu. Kwana uku ya tsara yanki arba'in da bakwai, yadda fuskokin waje za su zauna lafiya lau a akwati, su zauna lafiya lau a dala. Ya kama gishirin da zarto. Ni kuma na je wurin mai gadi na ce a ƙasarmu ba a barin aiki babu tofi, kuma namu tofin sai an kai abu bakin mutum an rufe da tafi biyu. Ya ce ai addu'a ba ta cikin abubuwan da aka hana. Wani lokaci ma in na ɗago yakan ce amin.

Kwana goma sha biyar ina lasar dutse tun hantsi har la'asar. Rana ta uku harshena ya tsage. Jini zai ɓata farin gishiri, don haka sai in haɗiye, in goge harshen a hannun riga, in koma. Leɓena suka farfashe, ƙafafuna suka kumbura, kaina yana sarawa kamar ana daka a ciki. In na fito sai in kifa kai a bakin rijiyar unguwa in sha har cikina ya yi nauyi, ƙishirwar tana nan. Duk yankin da na gama, Nomau yakan murje shi da babban yatsa ya yi sumul, ba ya duban fuskata. Abin da ya riƙe ni a kwanakin nan fushi ne kawai. Kowace lasa da sunan alƙali nake yinta.

Ranar arba'in da hantsi aka taru a dandali, gari kaf, igiyar rijiya a naɗe a gefen Nomau. Ya harhaɗa akwati. Alƙali ya bi layuka da gashi, bai shiga ba. Nomau ya warware, ya fara jera yankunan cikin mazubi. Ya sa na ƙarshe. Aka kife mazubin aka ɗaga, sai ga farar dala tsaye a rana. Alƙali ya bi ta da gashi sau uku, ta kowace fuska.

Dandali ya fashe da sowa. Mata suna guɗa, maza suna kabbara, aka ɗaga Nomau sama. Ni ma na yi tsalle da kumburarrun ƙafafuna, na ce na ci su, na ci su duka. Alƙali ya ɗaga hannu aka yi shiru, hawaye na bin gemunsa.

Ya ce, "Jama'a, ku yi mini shaida. Shekara uku ke nan wasu a majalisa suna cewa shari'ar kakanninmu ba ta yiwuwa, a soke ta. Har ni kaina, Allah Ya yafe mini, na fara shakka, kuma bayan wannan hukunci aka shirya zama a yanke magana. Ga amsa Allah Ya aiko mana ta hannun baƙo. Mai gaskiya yana iyawa! A liƙe dalar nan da ƙaro a ɗora ta a kan ƙofar kotu, kada a sake buɗe ta har abada. Mutum bakwai na gari da aka dakatar da shari'arsu saboda wannan gardama, gobe a raba musu akwatunansu."

Na daina tsalle. Wani ya taɓa gwiwar hannuna, na juya, sai ga Tsahara. Ba idona ta duba ba, bakina ta duba, leɓen nan da suka farfashe. Ta ce a hankali, "Ka samo mini aikin zarto bakwai, ɗan nan. Sannu da ƙoƙari." Ta juya ta shige cikin taro.

Zan iya cewa harshena ya kumbura har ban iya magana ba, kuma za ku yarda. Ƙarya ne. Ina iya magana. Da na ce a fasa dalar a duba cikinta, da kowa ya ga rami, da mutum bakwai ɗin nan ƙila sun rayu. Na buɗe baki. Na dubi igiyar, na dubi Nomau a kan kafaɗun mutane. Na rufe bakina. Ni da na zagi tsohuwa a kan shirun da ta yi saboda jikokinta, ban wuce kwana ashirin ba na yi irinsa, kuma nawa ya fi nata muni, don ita ba ta ɗora musu hujja a kan ƙofa ba.

Suka raka mu har bayan gari da kaɗe-kaɗe. Yankin da ya ɓata, har muka bar ƙasar ba a gan shi ba, kuma ban san wanda ya ɗauka ba. Kwana biyu muka yi muna tafiya. A rana ta uku, mun zauna a bakin kogi, Nomau ya ce, "Yaya, da ka bar ni na ƙarasa kwanakina da gaskiya, da yanzu na san ko na ɗauka ko ban ɗauka ba."

Na ce, "Ba na gaya maka babu mai iyawa ba?"

Ya ce, "Kai ka faɗa. Su kuma shekara ɗari uku suna faɗin nasu."

Na tashi na kama wuyan rigarsa na girgiza shi, ina ihu da fasasshen harshe, ya ƙyale ni har na gaji. Na jera masa duwatsu a bakin kogin na nuna masa kafar. Ya ce ya gani. Na san bai yarda ba.

Mun iso gida da rai. Ni ban sake jin ɗanɗanon abinci ba, zuma da toka duk ɗaya ne a bakina, kuma ban koya wa kowa ko yanka ɗaya daga abin da na je nema ba. Nomau bai sake sassaƙa turmi ba. Ni nake ciyar da gidansa, ni na aurar da 'ya'yansa. Duk ranar kasuwa yakan je ya ɗauko kantun gishiri, ya shiga ɗaki ya ja ƙofa, a yi ta jin ƙarar zarto har la'asar. Na fasa masa kantu ya fi a ƙirga, na ɓoye zarto, na yi zagi, na yi kuka, na tara masa malamai. Washegari sai ya samo wani.

Iyakar abin da na gani ke nan, wanda ya ji ya yi yadda ya ga dama da shi. Ni zan tashi, don ga shi can yana kirana. Ya leƙo ta taga, gemunsa ya yi fari da garin gishiri, fuskarsa cike da murna, yana ɗaga mini hannu.

"Yaya, zo ka gani. Wannan karon saura kaɗan."